Injin da Na Taras da Ɗumi

Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma inji bai taɓa yi mini ƙarya ba. Masu inji ne ke yi. Aikina kwasar sokawe, wato ramin masai, a gidajen bakin tafkinmu, nan arewacin Minnesota, kuma wanda ya daɗe a wannan aikin ba ya yarda da abin da aka nuna masa a ƙofar gida sai ya zagaya baya ya ɗaga murfi.

A bayan gidana akwai garejina. A bayan garejin akwai wurin da matata Marlys ke kira maƙabarta: mashin ɗin hawa kan ƙanƙara biyu, tsohuwar tarakta, injin yankan ciyawa, da wani injin kwalekwale da na saya don na ga mai shi da fuskar mutanen kirki. Tun daga shi na daina duba fuska. Injinan kuwa ba mutuwa suka yi ba, jira suke in samu lokaci.

Ranar da na ce mata ina son babur ɗin ruwa, na hannu, tana fere dankali. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sayo," ta ce.

Na tsaya da kofi a hannu. Marlys ba ta taɓa cewa sayo a karon farko ba.

"Amma ga sharaɗi, Duane. Ranar da ka jawo shi gidan nan, a gabana za ka tayar da shi. In ya tashi, Allah ya tsare. In bai tashi ba, ya tafi maƙabarta wurin 'yan'uwansa, garejin kuma ya zama ɗakin Vernon."

Vernon ƙaninta ne. Matarsa ta sallame shi tun ƙanƙarar tafki ba ta narke ba, yana ta yawon kwana a kujerun abokai a garin Duluth, kuma a cikin wannan halin ya ga ya dace ya fara koyon kiɗan akodiyon. Duk inda za shi da abin nan yake zuwa, yana matsa shi kamar zugazugin maƙeri, abin yana kuka kamar maraƙin da ƙofa ta datse wa wutsiya. Garejina kuwa shi kaɗai ne wuri a duniya da ba a ce mini in cire takalmi. Da murhun itace a ciki, da rediyo, da kujerar da ta san bayana.

"Na yarda," na ce, don kada ta ga na ji tsoro.

Sai na shiga nema. Wani da na je gani, ina ɗaga kujerarsa warin ruɓaɓɓen ruwa ya buge ni. Wani kuma mai shi ya ce batir ne kawai. Duk wanda ya ce maka batir ne kawai, ka gaishe shi ka koma motarka. Ana nan, wata rana ina dawowa daga aiki na ga kwali a bakin titin gonar Orville Tollefsrud, an rubuta babur ɗin ruwa na sayarwa, da kuɗinsa a ƙasa. Na kira lambar. Dattijon ya ce in zo ran Asabar da ƙarfe goma.

Ga dokata ta farko, kyauta na ba ku: kada ka sayi injin da ka taras da ɗumi. Injin da ya gaji da sassafe yake nuna halinsa, yana tari, yana gardama. Mai wayo yakan riga ka, ya tayar da shi ya ɗumama kafin ka iso, kai kuma ka zo ka danna ya tashi kamar sabo, ka biya har kana godiya. Saboda haka in an ce maka ƙarfe goma, ka je raɓa ba ta bushe ba, ka sa hannu a jikin injin kafin ka tambayi lafiyar kowa.

Haka na yi. Na iske Orville a tsakar gida yana ɗaure kwalaye, dogon tsoho, siriri, irin waɗanda ke tunanin magana kafin su faɗe ta, su kuma sake tunaninta bayan sun fara.

"Kai ne ɗan Eino Rautio," ya ce. "Ka yi sammako."

"Hanya ce ta biyo da ni. Ina babur ɗin?"

"Yana sito. Amma mu shiga ciki tukuna, Bernice ta ɗora kofi. Akwai wani ɗan abu da..."

Ai da jin akwai wani ɗan abu na wuce shi na nufi siton. Ya biyo ni a hankali.

Babur ɗin na kan 'yar tirelarsa da ake ja da mota, a lungu, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Kujerar a ɗan ɗage take, an tokare ta da guntun katako yadda kowa ke yi in zai ajiye na lokacin sanyi, don iska ta riƙa shiga kada ciki ya yi fumfuna. Siton da duhu-duhu. Ban tsaya neman tocila ba, na yaye bargon, na zura hannu ta ƙarƙashin kujerar na dafa gefen injin.

Da ɗumi.

Na cire hannun, na sake mayarwa don kada in zalunci mutum. Da ɗumi, har da wani ɗan laushi a gefe da na ɗauka tsumma ne.

"Orville," na ce, "da girmanka?"

"Me ya faru?"

"Ka tayar da shi da asuba. Ka ɗumama mini shi kamar ragowar miya. Ni za a yi wa wannan? Shekarunka sun wuce na wannan wasan, dattijo. Me yake damunsa, fistin ko kafireto? Faɗa mini gaskiya mu rabu lafiya."

Orville ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"To," ya ce.

Shi ke nan abin da ya ce. A wajenmu in tsoho ya ce maka "to" a haka, gara a ce ya zage ka ta uwa ta uba. Ashe matarsa Bernice na tsaye a bakin ƙofar siton da butar kofi a hannu, 'yar gajeruwa, da tabarau a tsinin hanci.

"Duane Rautio," ta ce, "mutumin da ka kira maƙaryaci shi ya jawo motar babanka daga rami a shekarar babbar ƙanƙara, bai karɓi ko na mai ba. Babur ɗin nan rabonsa da tashi tun kaka."

"Inji ba ya ɗumama kansa, Bernice. Zo ki taɓa da hannunki."

"A'a, kai dai sake taɓawa. Zura sosai."

Na zura har kafaɗa don in nuna mata. Wani abu a ciki ya yi tsaki irin na tayar da ta sace, sannan ya kama bayan hannuna da farce huɗu da haƙora. Na yi ihun da tantabarun rufin siton suka watse. Na fizgo hannu, na buga kai a ƙarfen tirela, na zauna daɓas a cikin bokitin hatsin kaji.

"Walter ke nan," in ji Orville. "Ita ce ɗan abin."

Walter mage ce, toka-toka, kunne ɗaya a yage. Shekara biyu suna zaton muzuru ne, shi ya sa sunan. A watan jiya Walter ta shige ta inda katakon ya tokare kujera ta haihu a cikin babur ɗin. Ita ce take kwana lafe a jikin injin. Ɗumin da na ji nata ne.

A kicin Bernice ta wanke mini hannu, ta shafa aidin tana dannawa fiye da yadda ciwon ke buƙata. Ta ajiye mini kofi da burodin kirfa.

Can Orville ya yi bayani, a hankali, yadda ya so yi tun farko da na bar shi ya kai ga kofi, don a nan ba a maganar ciniki kafin kofi, ni ma na sani. Sun sayar da gonar. Ƙarshen mako za su koma gidan tsofaffi a cikin gari, inda ba a yarda da dabba ba. Babur ɗin don jikoki ya saya, jikokin suka girma suka daina zuwa, shi kuma ya riƙa hawansa zuwa kamun kifi da gudun da bai wuce na agwagwa ba. 'Yan kyanwar kuwa sau biyu yana kwashe su a kwali, sau biyu Walter na mayar da su, na ƙarshen ma ta cusa su can ƙarƙashin injin inda hannu ba ya kaiwa.

"Saboda haka ba a tayar da shi," ya ce. "Sai sun fito da ƙafarsu. Wanda ya saya, da Walter ya saya."

Yanzu ku duba halin da nake ciki. Mu nan namiji ba ya buɗe baki ya ce wa namiji yi haƙuri. Ban taɓa ji ba, babana ma bai taɓa ji ba. In ka ɓata wa mutum, sai ka wayi gari ka share masa ƙanƙarar ƙofar gida, ko ka kai masa kifi ka ajiye ka tafi. To ga shi bazara ce, babu ƙanƙara, mutumin kuma tashi zai yi. Hanya ɗaya ta rage, ni na san ta, Orville ya san ta, Bernice ma ta san ta, shi ya sa ta ƙara mini kofi ba tare da ta tambaya ba.

"Zan duba abin da ke dubuwa," na ce.

Na ɗauko safar hannu ta walda daga mota na koma siton. Na kwanta a ƙasa da tocila na leƙa ramin da yake shan ruwa: farfela lafiya lau, ba ta ci dutse ba. Na bi cikinsa da tafin hannu, ba tsaga, ba faci. Na zaro ma'aunin baƙin mai, Walter na bin safar da mari. Man ya fito kalar shayi. Da ruwa ya shiga da ya yi fari kamar madara. Na kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya, kowanne bakinsa kalar gasasshen burodi, ba jiƙa, ba tsatsa. A bakin salansa na ga busasshen ɗigo mai launin ruwan hoda, wato tsohon ya zuba maganin daskarewa kafin sanyi yadda ya kamata. Can ƙasa kuma, da na haska, na ga idanu ƙanana suna ƙyalli, ban iya ƙirga su ba.

Gejin da nake auna ƙarfin matsin inji da shi yana cikin akwatinsa, ban ko buɗe ba, don sai an juya injin yake aiki. Komai ya ce lafiya. Amma ban ji muryarsa ba, kuma injin da ba ka ji muryarsa ba, ba ka san shi ba. Na taɓa ganin mai fulogi masu kyau haka da ya tashi da ƙara kamar ana zuba tsakuwa a garwa.

Na fito na biya abin da ke rubuce a kwalin. Ban nemi ragi ba, ni da ko a kantin magani sai na taya. Orville ya karɓa, ya dube ni, ya ce, "Babanka ma haka yake da sammako." Da wannan aka wuce wurin. Bernice ta miƙo mini buhun abincin mage da ragowar burodin a takarda.

Na ɗaure kujerar a ɗage yadda take, na ja tirelar zuwa gida kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Ranar Asabar ce, kowa na hanyar tafki. Motoci suka yi layi a bayana da kwalekwalensu. Mutanenmu ba sa yin oda, sai dai in sun samu wuri su wuce ka a hankali, su juyo su dube ka da iyalinsu duka. Na sha kallo ranar.

Ina shiga kwanar gida na hango motar Vernon. Akodiyon na zaune a kujerar gaba, har da bel aka ɗaura masa. Shi kuwa Vernon yana tsaye a ƙofar garejina da tef ɗin awo a hannu.

"Kyaftin ya iso!" ya ce. "Kai, suruki, wannan jirgi haka? Turo shi ka yi ko jawo shi? Tun ɗazu aka ce an gan ka a hanya, keke na wuce ka."

"Wa ya kira ka?"

"Yaya ce ta ce in zo in ga ɗaki. Tagar nan za ta so labule. Murhun zan bari, yana da kyau."

Marlys ta fito tana goge hannu. Har ta riga ta jawo tiyon ruwa ta ajiye a bakin garejin, don zama da ni ya koya mata cewa ba a tayar da irin wannan injin a tudu babu ruwa. Ta dubi babur ɗin, ta dubi bandejin hannuna.

"Ya fara cizo tun yanzu?"

"Ƙarfe ne ya yanke ni."

"To. Ga ruwa. Tayar."

Na hau tirelar. Na saƙala makullin. Batir Orville ya ce a cike yake, fitilar kuwa ta kawo. Na ɗora babban yatsa a kan maɓallin. Zan faɗi gaskiya, na yi lissafi. Na ce a raina daƙiƙa biyu kawai, ya yi gurnani Marlys ta ji, in kashe. Wataƙila ba abin da zai same su. Wataƙila. Amma na san abin da ke juyawa a ƙarƙashin injin nan, na kuma san inda na ga idanun. Ta bayan kafaɗar Vernon ina hango kujerata da rediyona.

Na zare makullin na sa a aljihu.

"Ba zan tayar ba."

"Ba za ka tayar ba, ko ba zai tashi ba?" in ji Marlys.

"Zai tashi. Ni ne ba zan tayar ba."

Vernon ya kwashe da dariya har da dukan cinya. "Wannan sabuwa ce! Yaya, ki rubuta wannan a jikin kabarinsa. Zai tashi, mai shi ne bai ga dama ba." Ya ja tef ɗinsa ya shige garejin yana fito.

Marlys ba ta yi dariya ba. "Duane, mun yi magana. Kai ka ce ka yarda."

"Na ce."

"To shi ke nan."

"Shi ke nan. Amma kafin a kai shi maƙabarta, zo ki riƙe mini tocila."

Na kwance igiyar, na ɗaga kujerar gaba ɗaya. Walter ta ɗago kai ta yi mana tsakin nan nata. Marlys ta haska ƙasa. Ta daɗe a sunkuye. Da ta yi magana, da wata murya ta yi, wadda rabona da jin ta tun 'yarmu tana cikin zanin goyo.

"Wayyo, ji su. Ji wannan mai farin hancin. Duane, a kan titi ka jawo su? A cikin wannan rana? Kai wane irin mutum ne?"

"A hankali na..."

"Kuma har ka sa makulli! Na gan ka da idona, yatsanka a kan maɓalli!"

"Ke kika ce in tayar."

"Kada ka kuskura ka taɓa injin nan. Tura shi ciki, inuwa. Vernon! Fito ka kama masa."

Vernon ya fito, ya kama bakin tirelar, muka tura. Daidai tsakiyar garejin Walter ta yi tsalle ta fito, ta zagaya ta shinshina wuri, ta zo ta goga jikinta a ƙafar wandonsa. Ya yi atishawa. Ya sake yi. Na uku sai da tef ɗin ya faɗi daga aljihunsa. Kafin a jima idanunsa sun kumbura sun yi ja, hanci na zuba, yana magana kamar an toshe masa kai da auduga.

"Yaya, kin san ni da mage. Tun muna yara kin sani. A fitar da su mana."

"A kai su ina? Jarirai ne, Vernon. Kai ƙato ne, kana da mota."

Na ba shi hankicina. Na raka shi har mota, na buɗe masa ƙofa, na gyara wa akodiyon bel. Ban taɓa yi wa surukina ladabi irin na ranar ba.

Bazarar nan duk a tudu na yi ta. Kowace Asabar ina jin ƙarar baburan mutane a tafki, ni ina zaune ina kallon nawa ana shayarwa a cikinsa. Da 'yan kyanwar suka fara fitowa Marlys ta ce ba su yi ƙwari ba. Da suka yi ƙwari ta ce ƙara za ta firgita su. Sai da ganye ya fara zuba, aka raba uku ga mutanen coci, sannan ta ba ni izini. Na haɗa tiyo, na danna sau ɗaya. Ya tashi, murya sumul, ko tari babu. Na auna matsinsa don in huce haushi, allurar ta tsaya daidai a kowane fistin. Na kai shi tafki na zagaya sau ɗaya cikin rigar sanyi da hular ulu, ni kaɗai a kan ruwa, haƙorana na kaɗawa, na dawo na zuba masa maganin daskarewa na lulluɓe shi. Da na je gidan tsofaffi na gaya wa Orville, sai ya ce, "To." Amma wannan wani "to" ne daban.

Garejin yana hannuna. Kujerata ce dai ta koma hannun Walter, ni a kan bokiti nake zama. Marlys kuma ta shimfiɗa darduma a bakin ƙofa, ta ce gishirin narkar da ƙanƙarar titi da ke takalmina yana cin tafin mai farin hanci, don haka yanzu nan ma cirewa nake.

Vernon yakan kira lokaci-lokaci ya tambaya ko an rabu da magen. Nakan ce masa tukuna. Kujerar babur ɗin na tokare ta da katako yadda kowa ke yi. Muzurun maƙwabcina kuwa, wani baƙi mai ƙaton kai, ni da kaina nake buɗe masa tagar garejin.